Tsakanin Kaisar da Allah: Littafin Kirista da Sha'anin Mulki, Daga Roma Zuwa Maraɗi

Kundin tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010, wanda sojoji suka jingine bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, yana ɗauke da maganganu biyu da in ka jera su sai ka rantse ba mutum ɗaya ya rubuta su ba. Sashe na 3 ya sa raba gwamnati da addini cikin ginshiƙan jamhuriya, sashe na 8 kuma ya ce babu addinin da zai riƙe ikon siyasa ko ya tsoma baki cikin harkokin gwamnati. Amma da ka kai sashe na 50 sai ka tarar shugaban ƙasa ba ya kama aiki sai ya yi rantsuwa a kan littafi mai tsarki na addininsa, kuma da ambaton Allah rantsuwar take farawa. Ke nan da Kirista zai ci zaɓe, Littafi Mai Tsarki za a miƙa masa ya dafa. Ba a taɓa yi ba, don tun daga Diori Hamani har yau duk wanda ya mulki ƙasar nan Musulmi ne, kuma ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan ƙasa ba.

To in haka ne, me ya kawo zancen littafin Kirista a sha'anin mulki? Abin da ya kawo shi shi ne kunnen Maraɗi a buɗe yake. Katsina na nan kusa, kuma abin da aka faɗa a Kaduna ko Jos da hantsi, kafin la'asar ya shiga wayoyin mutane. Ta wannan hanya muryoyi biyu ke shigo mana. Ɗaya ta masu wa'azin talabijin ce daga Najeriya da Amurka, masu cewa dole mabiya Almasihu su karɓe ragamar ƙasashe su mulke su da Littafi. Ɗayar kuma ta wasu masu wa'azin Musulunci ce, masu cewa ai gwamnatin boko gaba ɗayanta ta Kirista ce tun asali, shaidarsu ita ce hutun Lahadi da na Kirsimeti da na Litinin ɗin Ista. Bakinsu bai zo ɗaya ba a komai, sai a abu guda: dukansu sun ɗauka akwai wani tsarin gwamnati da aka shimfiɗa cikin littafin Kirista. Babu shi.

Wanda ya tashi cikin karatun fiƙihu zai yi mamakin abin da ba ya cikin Sabon Alkawari. Ba a faɗi yadda ake naɗa shugaba ba, babu haddi, babu ƙa'idar haraji, babu rabon gado. A Luka sura 12 wani ya zo wurin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, yana roƙon ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Yesu ya mayar masa da tambaya, wa ya naɗa shi alƙali ko mai rabo a tsakaninsu? Dalilin wannan giɓi a fili yake. Waɗanda suka rubuta littattafan nan, da waɗanda aka rubuta wa, 'yan tsiraru ne a ƙarƙashin daular Roma, ba su da soja, ba su da kotu, ba su ma yi mafarkin samu ba. Tsohon Alkawari kam yana da dokoki, Attaura cike take da su, amma tun taron Urushalima da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 15 aka yanke cewa waɗanda ba Yahudawa ba, ba za a ɗora musu dukan shari'ar Musa ba.

Abin da ke akwai shi ne igiyoyi biyu, kowace na ja nata gefe. Ta farko ta biyayya ce. Da aka ɗana wa Yesu tarko da tambayar ko ya halatta a biya Kaisar, sarkin Roma, haraji, sai ya ce a nuna masa dinari, ya tambayi hoton wa ke jiki, sannan ya ce a ba Kaisar abin da yake na Kaisar, a ba Allah abin da yake na Allah. A gaban Bilatus, gwamnan Roma da ya yi masa shari'a, ya ce mulkinsa ba na duniyan nan ba ne. Manzo Bulus kuma a wasiƙarsa ta Romawa sura 13 ya ce kowa ya yi biyayya ga mahukunta, don babu iko sai da yardar Allah, a biya haraji, a girmama wanda ya cancanci girma. Ya rubuta wannan ne fa a zamanin Nero, sarkin da daga baya ya yi wa Kiristocin Roma kisan gilla.

Igiya ta biyu ta tsawatarwa ce, kuma ta fi ta farko tsawo in aka haɗa da Tsohon Alkawari. Da majalisar Yahudawa ta hana Bitrus da 'yan'uwansa wa'azi, suka ce wajibi ne su yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Da Isra'ilawa suka nemi a naɗa musu sarki, Sama'ila ya gargaɗe su cewa sarki zai kwashe 'ya'yansu maza zuwa yaƙi, ya ƙwace gonakinsu mafi kyau ya ba fadawansa. Maimaitawar Shari'a sura 17 ta hana sarki tara dawakai da mata da zinariya, ta ce ya riƙa karanta shari'a kullum don kada ya ɗauki kansa ya fi 'yan'uwansa. Akwai labarin Nabot, talakan da ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar gadonsa, aka shirya masa shaidun zur aka jefe shi, Iliya ya tare sarkin a cikin gonar ya faɗa masa abin da zai same shi. Duk wanda ya san rigingimun filaye a bakin garin nan ba ya buƙatar a yi masa fashin baƙin wannan labari. Sai Yahaya Mai Baftisma, wanda a Luka sura 3 ya ce wa masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka yanka, ya ce wa sojoji kada su yi wa kowa ƙwace ko ƙazafi, su ƙoshi da albashinsu. Da ya tsawata wa Sarki Hirudus, kansa aka sare.

Tun da igiyoyin biyu ne, kowane mai mulki ya san wadda zai kama. Masu bayi a kudancin Amurka sun kafa hujja da ayoyin biyayya, haka ma masu wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. A Yuni 2018 ministan shari'ar Amurka na lokacin, Jeff Sessions, ya jawo Romawa 13 don kare manufar da ta raba 'ya'yan baƙin haure da iyayensu a kan iyaka. Amma daga littafin nan dai William Wilberforce, ɗan majalisar Ingila, ya samo ƙarfin yaƙin da ya kai ga Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, daga nan Martin Luther King da Desmond Tutu suka sha. Saboda haka in wani ya ce zai mulki ƙasa da Littafi Mai Tsarki, bai gaya maka komai ba tukuna, sai ya faɗi wace sura, kuma wa zai yi masa tafsiri.

Tarihin yadda Turai ta gwada abin yana da tsawo, a taƙaice dai ga shi. A 313 Sarki Konstantin ya halatta Kiristanci, a 380 Tiyodosiyus ya mai da shi addinin daula, waɗanda ake tsanantawa jiya suka koma masu tsananta wa wasu. Bayan rabuwar Katolika da Furotesta aka yi ta zubar da jini, mafi muni shi ne yaƙin shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya cinye miliyoyin rayuka a ƙasashen Jamus. Tunanin a raba fada da majami'a daga wannan wahalar ya tsiro, kuma cikin waɗanda suka fi nacewa a kansa har da masu ibada na ƙwarai, irin su 'yan Baptis, da suka gaji da ganin sarki yana zaɓa musu yadda za su yi sujada. Amurka ta sa shi a kundinta a 1791. Faransa ta yi nata a 1905, cikin fushi da Cocin Katolika. Ingila kuwa har yau tana da cocin gwamnati, da kujeru 26 na bishop-bishop a majalisar dattawanta. Wato ko Turawan ba su da tsari ɗaya, kuma gardamar ba ta mutu ba: a 2024 jihar Luwiziyana ta Amurka ta yi dokar liƙa Dokoki Goma a kowane ajin makarantar gwamnati, aka ruga kotu.

Wannan na 1905 shi ne ya shafe mu. Gwamnatin da Faransa ta bar mana 'yar waccan dokar ce, kuma da yawa cikin kwamandojin da suka mulke mu ba masu shiri da coci ba ne. Gaskiya ne hutun Lahadi da kalandar da muke aiki da ita daga Turai ta Kirista suka zo, ba wanda zai musa. Amma gadon ofis ne aka bar mana, kuma kusa da shi akwai hutun Sallah ƙarama da babba da na Maulidi. Kundin 1960 ya kwafo lafazin Faransa na ba ruwan gwamnati da addini. Bayan babban taron ƙasa na 1991 ƙungiyoyin Musulunci suka ƙi shi, aka sasanta a kan raba gwamnati da addini, aka bar ƙofar rantsuwa da addu'a a buɗe. Sulhu ne irin namu, bai gamsar da kowa ɗari bisa ɗari ba, amma ya riƙe mu shekara talatin.

A Afirka an gwada hanyoyi biyu da ya kamata a auna. A 29 ga Disamba 1991 Shugaba Frederick Chiluba ya ayyana Zambiya a matsayin ƙasar Kirista, a 1996 aka shigar da maganar cikin gabatarwar kundin tsarin mulki. A 2007 wata kotu a Landan ta same shi, shi da wasu muƙarrabansa, da alhakin karkatar da dala miliyan 46 na jama'a, ko da yake kotun ƙasarsa ta wanke shi a 2009. Sunan da aka liƙa wa ƙasa bai tsare baitulmali ba. A Benin maƙwabciyarmu kuwa, a Fabrairu 1990, Bishop Isidore de Souza ne ya shugabanci taron ƙasar da ya lallashi Shugaba Mathieu Kérékou ya sauka daga mulkin jam'iyya ɗaya ba tare da an zubar da jini ba. Bai nemi a sa sunan addininsa a kundi ba. Abin da ya kawo teburin shi ne yardar da kowane ɓangare ya yi da shi, kuma da aka gama riƙon ƙwarya ya koma aikinsa na coci. A ganina na biyun ya fi na farko kusa da ruhin littafin nesa ba kusa ba.

Mu dawo gida. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission, wato SIM, sun sauka Damagaram a 1924, kafin ƙarshen shekarun 1920 sun kafa a Tsibiri, nan bayan gari. Masu jin Ingilishi ne, 'yan Furotesta, kuma hukumar Faransa ba ta taɓa sakin jiki da su ba. Da Hausa suka yi aikinsu, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, kuma sun fi ba da ƙarfi ga wa'azi da magani a kan lakwal irin mai kai yaro aikin gwamnati. Shi ya sa Kiristan Maraɗi na asali Bahaushe ne, sau da yawa manomi, ɗan dangin Musulmi, ba shi da wata alaƙa da Faris. Katolika sun fi yawa cikin baƙin da suka zo aiki daga Benin da Togo da Burkina Faso, kuma sai a 2001 aka kafa dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop ɗaya ke jagoranta, wanda ya haɗa har da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa, da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko.

Waɗannan mutane ba su taɓa rubuta doka ko ɗaya ba, amma koyarwarsu ta shiga rayuwar jama'a ta wata ƙofa. Asibitin Galmi a jihar Tawa tun 1950 yake karɓar marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi. A Danja aka buɗe wurin jinyar kutare a shekarun 1950, lokacin da kuturu ko ƙwaryar ruwa ba a haɗawa da shi, kuma a 2012 aka ƙara asibitin mata masu yoyon fitsari. Babu ayar da ta ce a gina asibiti a Danja. Akwai dai labarin Yesu yana taɓa kuturu da hannunsa, wasu suka karanta suka ɗauke shi da gaske.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na itatuwa. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana ta dashen itace a karkarar Maraɗi suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara, irin su kalgo da sabara, ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da wannan aiki, abin da manoma suka laƙaba wa sassabin zamani. Shi kansa yana faɗa cewa bangaskiyarsa ce ta tura shi, imanin cewa ƙasa amana ce a hannun ɗan'adam. Amma manomin da ya karɓa ba don aya ya karɓa ba. Ya ga iska ta daina binne masa shuka, ya ga itacen girki da abincin dabbobi. Babban cikas ma a wurin hukuma yake, don muddin itace na gwamnati ne kuma 'yan gandun daji na cin mutum tara in ya sare, ba wanda zai rene shi a gonarsa. Da aka sassauta aka bar manomi ya amfana da abin da ya rena, sai abin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, kuma Rinaudo ya samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Ga aƙida ta addini da ta sauya fuskar ƙasa har ta taɓa aikin hukuma, kuma ba a tilasta wa kowa ya yi imani da komai ba.

Ɗaya fuskar ba ta da daɗin faɗa. A Nuwamba 2000, fushin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai ya ƙare da ƙona wata majami'a a Maraɗi. A 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo da zuwan Shugaba Mahamadou Issoufou gangamin da aka yi a Faris bayan harin da aka kai wa jaridar, aka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. Jaridar nan fa ta marasa addini ce, Fafaroma ma bai tsira daga bakinta ba. A tsakiyar Yuni 2019, lokacin da majalisa ke shirin amincewa da dokar tsara harkokin ibada, aka kama wani limami a nan Maraɗi da ya soki dokar, matasa suka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya. Da aka sako shi ya yi kiran a kwantar da hankali, ya ce ba a fassara masa dokar daidai ba. Duba duka ukun. Rigimar da gwamnati ce ko da Faransa, amma aka bar jaki ana dukan taiki. An samu Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu, an samu malamai da suka yi tir, wannan ma gaskiya ne. Sai dai abin da ya sa ashana ke nufar majami'a kowane karo shi ne waccan fahimta cewa coci da gwamnatin boko da Turai abu ɗaya ne.

Nan ne nake ganin masu shigo da wa'azin "ƙasar Kirista" ba su yi lissafi ba. Duk hujjar da fasto a Lusaka ko Teksas zai kafa cewa masu rinjaye na da ikon liƙa wa ƙasa addininsu, hujja ce da aka miƙa wa wanda ke son a yi haka a Nijar, inda rinjayen na wasu ne. Mun ga abin da ya biyo bayan ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999, da jinin da ya zuba a Kaduna a Fabrairu 2000. Kiristan Maraɗi ya fi kowa buƙatar gwamnatin da ba ta tambayar addinin mutum kafin ta ba shi takardar fili ko ta kai masa ɗauki. Abin da yake so a nan, dole ya so wa Musulmin da ke zaune a matsayin ɗan tsiraru a wata ƙasa, in ba haka ba maganarsa ba ta da ƙafa.

Wannan ba ya nufin mai bi ya tuɓe addininsa a ƙofar ofis. Ba mai iyawa, kuma ba a so ma ya iya. Littafin Karin Magana ya ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji, Alƙur'ani kuma yana da sura guda, Muɗaffifin, da ta buɗe da azabar masu tauye mudu. Mai sayen hatsi da ya dawo gida ya tarar tiyarsa ba ta cika ba, ko direban da ake tatsa a kowane shinge tsakanin Ɗan Isa da gari, zai amfana da ma'aikacin da ke tsoron ko wanne daga cikin littattafan biyu. Sharaɗin kawai shi ne, in za ka kawo abin da ka yi imani da shi zauren da ake yanke wa kowa hukunci, ka kawo shi da hujjar da maƙwabcinka zai iya aunawa ko da bai yarda da littafinka ba.

Akwai inda koyarwar biyu ba ta haɗuwa, kuma ɓoye shi ba ya da amfani. Aure da saki da gado su ne kan gaba. Nijar ta yi ta yunƙurin kafa dokar iyali tun shekarun baya, kowane karo ƙungiyoyin addini su taso a janye, don haka kotuna na bin al'adar waɗanda ake yi wa shari'ar, wadda a yankinmu ta cuɗe da fiƙihun Malikiyya. Kirista na da koyarwar mace ɗaya, amma neman a ɗora wa kowa ita zai zama irin abin da yake kuka da shi. Abin da ya dace ya nema ƙarami ne kuma mai yiwuwa: aurensa da aka ɗaura a ma'aikatar magajin gari ya tsaya a gaban alƙali, matarsa da 'ya'yansa su san matsayinsu in ya mutu, a ba shi wurin ibada da maƙabarta bisa ƙa'ida ɗaya da kowa.

Tun bayan 2023 ana yawan kiran a yi wa ƙasa addu'a, masallatai na yi, majami'u na yi, kuma Kirista na da umarnin haka a 1 Timoti sura 2, inda aka ce a yi addu'a domin sarakuna da dukan masu iko. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne, ba mai mulkin da ya taɓa ƙin a yi masa addu'a. Mai wuyar shi ne na Luka sura 3, a tsaya a gaya wa mai bindiga da mai karɓar haraji iyakarsu, ko a tambayi dalilin da ya sa har yanzu manoman Madarunfa da Gidan Rumji ke sayar da shanu don fanso 'ya'yansu daga hannun 'yan bindiga. A Maris 2025 an rushe jam'iyyun siyasa duka, saboda haka limamai da fastoci na cikin 'yan kaɗan da suka rage masu jama'ar da ke taruwa a gabansu kowane mako. Fasto a Maraɗi, da 'yan mabiyansa da kuma tunanin abin da ya faru a 2019, ba zai iya ɗaga irin wannan murya shi kaɗai ranar Lahadi ba, sai in an riga an ji makamanciyarta daga mumbari ranar Juma'a.